Dutsen Talatu a Ƙarƙashin Inji

Duk wanda ya zauna a Dabai tsakanin shekarar dubu biyu da biyar zuwa da bakwai ya san Malam Ishaya Bawa. In bai san shi da suna ba, to ya san shi da littafi, wani mai baƙin bango irin na rajistar aji, wanda ba ya barin hammatarsa ko coci za shi. Tsohon malamin firamare ne, shekara talatin da biyar yana shaƙar alli, gajere, mai saurin tafiya, mai son a ce ya sani. Bayan ya yi ritaya ya ɗauko wani aiki da ya ba mutane dariya, wato tara sunayen dutsen niƙa da kalmomin niƙa a harsuna daban-daban.

Asalin abin ba haka ya fara ba. Kwamitin cocinsu ne ya so a yi ɗan littafin koyon karatu a yarensu na C'lela, wanda Hausawa ke kira Dakarci, aka raba wa dattawa aiki, shi aka ba shi kayan cikin gida. Tukunya da ludayi da turmi duk ya rubuta su a yini ɗaya. Da ya zo kan dutsen niƙa sai alƙalami ya tsaya. Sunan dutsen kam ya sani, ko ɗan yaye ya san wannan. Amma mata suna da wasu kalmomi da namiji ba ya riƙewa: sunan bi na farko da ake yi wa dawa, da na biyu, da sunan ramin da ke tsakiyar tsohon dutse, da sunan ɗan garin da ke maƙalewa a gefe. Ya tuna ya sha jin su yana yaro, amma ko ɗaya bai zauna masa ba. Mutum ɗaya ce a gidansu ta san su duka, yayarsa Talatu, kuma ɗakinta bai fi taku goma da nasa ba. Maimakon ya yi taku goman nan, sai Malam Ishaya ya hau mashin ya tafi Zuru.

Can ya sami wani Fada na cocin Katolika, ya tambaye shi yadda Rumawan dā ke kiran dutsen niƙa, aka ce masa mola, ya rubuta. Wani fasto da ya yi makarantar tauhidi ya ba shi na Girkanci, mulos, ya ƙara masa da na Ibrananci, rehayim. Malam Zakiyyu mai sayar da littattafai a bakin kasuwa ya ce da Larabci raha ne, ya rubuta masa da hannunsa daga dama zuwa hagu. Wata Bafulatana mai tallar nono ta ce su nama suke cewa in za su ce niƙa, ta yi ta dariya don ya sa ta maimaita sau uku. Tsofaffin sojoji kuwa, waɗanda Zuru ba ta rasa su, ɗaya da ya daɗe a barikin Ibadan ya ce Yarabawa olo suke cewa, ɗan dutsen kuma su ce ɗan olo, kamar dai yadda Bahaushe ke cewa dutse da ɗansa. Na Hausa shafi biyu ya ci: niƙa, ɓarza, markaɗe, tsaki, lilis, ribɗi, koɗa, makoɗi. Yana zama gindin mangwaron ƙofar gidansa yana karanta wa duk wanda tsautsayi ya biyo da shi, yana nuna yadda mola da mulos suka yi kama kamar wa da ƙane. Shafin farko dai, wanda ya rubuta wa C'lela a sama ya ja layi biyu, kalma ɗaya ce tak a cikinsa, kuma in yana buɗe littafin a gaban mutane da sauri yake tsallake shi.

Dalilin da ya hana shi taku goman nan yana ƙofar gidan, yana ta ƙara tun safe har yamma. Injin niƙa ne.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane. Uwarsu ta rasu Ishaya yana da shekara shida, Talatu tana da goma sha biyar. Abin da uwar ta bari shi ne tukwane uku da dutsen niƙa, wanda ita ma ta gada wajen tata uwar. Baƙin dutse ne, dogo, tsakiyarsa ta lotsa saboda hannun mata uku. A kansa Talatu ta raini ƙanenta. Tana niƙa na gida, tana niƙau wa matan sojoji da ba su son durƙuso, da wannan aka saya masa wandon makaranta na farko. A gidansu akwai wata al'ada da uwar ta bari: in an gama niƙa ba a share dutse tas, sai a bar ɗan gari a cikin ramin, na wanda yunwa ta fi damu. Shekara da shekaru Ishaya ne wanda yunwa ta fi damu. Yana dawowa daga makaranta zai zarce wajen dutsen, ya kwashe garin ya dama da ruwa ya sha, bai taɓa tambayar ko ita ta ci wani abu ba. Yaro ne, ba za a ga laifinsa a nan ba. Laifin yana gaba.

Talatu ta auri soja, ta zaga barikoki da shi, dutsen yana gida an kife shi a ɗaki. Da mijin ya rasu, 'yarta Keziah kuma ta yi aure a Wasagu, sai ta dawo gidan ubanta, ta gyara wa dutsen mazauni da yumɓu a bakin ɗakinta, ta ci gaba daga inda ta tsaya. A lokacin ta haura sittin, kafaɗunta suna ciwo, gwiwoyinta sun yi kanta. Ishaya yana ganinta durƙushe sai ransa ya ɓaci. Rabin ɓacin ran tausayi ne, wannan gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa kunya ce, a ce yayar hedimasta tana niƙa a dutse kamar a zamanin jahiliyya. Shi ne fa mutumin da ya shekara talatin yana zane yara in sun yi yare a aji.

A shekarar dubu biyu da uku aka biya shi kuɗin sallama, ya sayi inji. Ya faɗa wa kowa cewa don Yaya ya saya, kuma ya yarda da maganar tasa. Ranar da za a zuba dandamalin simintin da injin zai zauna a kai, Talatu tana Wasagu, 'yarta ta haihu. Birkila ya ce duwatsun ciko sun gaza, ana bukatar wani babba mai faɗi a tsakiya don kada girgizar inji ta fasa dandamalin. Ishaya ya waiga ya ga dutsen a bakin ɗaki. Matarsa Alice ta ce ya bari mai shi ta dawo, kwana uku ne kawai. Ya ce siminti ba ya jiran kwana uku, kuma me za a yi da dutse bayan ga inji? Da hannunsa ya taimaka aka ciccibe shi, aka kife shi a ramin, aka zuba kankare. Har wani daɗi ya ji, yana ganin ya yi wa yayarsa gata.

Da Talatu ta dawo ta tarar da mazaunin yumɓu babu komai a kai. Ta ajiye ƙunshinta, ta tsaya tana kallon wurin. Ishaya ya fito da fara'a ya ja ta zuwa ƙofar gida, ya nuna mata injin, sabo fil, an shafa masa koren fenti, ya ce daga yau ta huta. Ta tambaye shi da yarensu ina dutsenta. Ya nuna ƙasan injin da ƙafa. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dube shi ta ce da Hausa, irin Hausar da ake yi wa baƙo a kasuwa:

"To, Malam. An gode."

Tun daga ranar ba ta ƙara yi masa magana da C'lela ba. Da Alice tana yi, da maƙwabta tana yi, har kaji da yare take kora. Shi kuwa Hausa, kuma Malam, ita da ta goya shi tana kiransa Ishaya tun bai san sunansa ba. Tana gaishe shi kullum, tana tambayar lafiyarsa, in ya yi zazzaɓi ita ke dafa masa ganye. Garin injin kuwa tana ci, don ba ta da wani. Sai dai takan ce wa Alice tuwon yana warin ƙarfe, kuma takan faɗa daidai lokacin da zai ji.

Shekara biyu yana gaya wa kansa rigimar tsufa ce, za ta wuce. Aikin kwamiti ne ya tone shi. Duk kalmar da ya samo daga bakin Fada ko malami, in ya dawo gida ya wuce ta gaban ɗakin Talatu sai ya ji kamar ya sato ta. Ya san abin da yake yi. Ya san yawon nan na Zuru gudu ne, kuma ya san duk Latin ɗin duniya ba zai cika shafin farko ba. Ya gwada tambayar wasu tsofaffin mata a unguwa, suka ba shi biyu-uku, kowace da irin tata, suka ce ai gwanar tana gidanka, me ya kawo ka nan? Ya dawo bai rubuta ko ɗaya ba, don kunya.

Wata ranar Lahadi bayan an taso daga coci, cikin damina ta dubu biyu da bakwai, ya daure. Ya ɗauki kujera 'yar tsugune ya zauna a bakin ɗakinta, littafin a cinya, ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi zancen ruwan sama, ya yi zancen jikarta. Daga ƙarshe ya faɗi abin da ya kawo shi. Talatu tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce ba rowa take masa ba. Ta ce ita kanta ta gwada tuno kalmomin, tana kwance tana lalube, sai ta kamo ɗaya biyu su tsere. Ita ba a zaune ta koye su ba, ba ta kuma taɓa faɗinsu a zaune ba.

"Suna hannuna, Malam, ba su bakina. In na durƙusa na kama ɗan dutse, da kansu suke zuwa. To ina zan durƙusa?"

Ya tashi da littafinsa. Abin da ya fi cin sa shi ne babu zargi a muryarta, tambaya ce kawai ta yi.

Washegari ya ce wa Alice za a tsayar da inji a fasa dandamali. Ita ce ke kula da injin, ita ta san matan da ke layi da kwanukansu tun da sassafe, don haka ta yi ƙorafi, amma ba da ƙarfi ba. Abu ɗaya ta roƙe shi, ya gaya wa Yaya. Ya ce a'a, so yake ta gan shi kwatsam a mazauninsa kamar bai taɓa barin wurin ba. Ya ma tsara yadda abin zai kasance a ransa: za ta fito, ta gani, ta kira shi Ishaya. Sai ya jira ranar da ta tafi Wasagu duba jikarta, kamar dai wancan karon. Ko wannan bai sa ya tsargu ba.

Kwana biyu aka yi ana fasa kankare. Ya tsaya a kan masu aikin kamar mai gadin jarrabawa, yana cewa a hankali, a hankali. Dutsen ya fito lafiya, ko ɓantara bai yi ba. Ishaya ya ji ƙwalla ta taru masa, ya juya baya don kada a gani. Sai dai fuskar dutsen, wadda aka kife a kan ɗanyen siminti, ta kama shi, ramin nan na tsakiya ya cike da busasshen kankare, gefuna kuma sun yi sumul. Ko da an wanke, ba zai ci dawa ba sai an koɗa shi.

Kalmar koɗa tana littafinsa, shafi na huɗu, da ma'anarta a rubuce da kyakkyawan hannu: a dinga ƙwanƙwasa fuskar dutse har ta yi kaushi. Makoɗi ma yana nan, ɗan dunƙulen dutse mai tauri da ake yin aikin da shi. Ya san kalmar sarai, aikin ne bai taɓa yi ba, bai kuma taɓa tsayawa ya kalli yadda ake yi ba. Duk macen da ta taɓa niƙa ta san tsohon dutse tsakiyarsa ba ta da kauri, shekaru sun cinye ta. Ta san ba a ɗora shi a kan abu mai tauri, sai a kan yashi ko yumɓu, a jiƙa shi, a fara daga gefe, kaɗan yau kaɗan gobe. Malam Ishaya ya sa aka ajiye shi a kan simintin barandarsa, ya aro guduma da cizal wajen birkila, don yana so ya gama kafin motar Wasagu ta iso. Alice ta leƙo daga madafa ta ce ko dai ya bari. Ya ce ya sani.

Simintin gefe ya fita da sauƙi, abin ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. Ya kafa cizal a tsakiyar ramin ya buga sau ɗaya, sau biyu. A na uku ƙarar ta canza. Ba wata babbar ƙara ba ce, kamar dai an taka busasshiyar ƙwarya. Dutsen da ya yi shekara huɗu yana ɗauke da girgizar inji bai tsage ba ya rabe biyu a gabansa, ɗaya ɓarin ya fi ɗaya girma.

Ya zauna a ƙasa, guduma a hannu. Bai san tsawon lokacin da ya yi a haka ba. Ya gwada haɗa ɓarin biyu, suka haɗu daidai, ya saki suka rabu. Ya yi tunanin siminti, ya yi tunanin ɓoyewa, ya yi tunanin cewa a haka aka tono shi, masu aikin ma ai sun tafi. Wannan tunani na ƙarshe ya fi daɗewa a ransa fiye da yadda zai so a sani. Yana nan zaune har ya ji sallamar Talatu a ƙofar gida.

Ta ga ramin da ke inda inji yake, ta ga injin a gefe an rufe shi da buhu, ta shigo da sauri irin wanda ya manta tana iya yi. Ta tsaya a bakin baranda. Bai ɗago ba, ya ce shi ne, ba masu aiki ba, lafiya lau aka ciro shi, shi ya fasa shi yanzun nan da hannunsa. Ta wuce ɗakinta, ya ɗauka shi ke nan. Sai ga ta ta fito da wani ƙunshin tsumma, ta durƙusa da ƙyar a gaban dutsen ta kwance. Ɗan dutsen ne a ciki, da makoɗin uwarsu, baƙi, ya yi santsi don riƙo. Shekara huɗu suna ƙarƙashin gadonta. Ta ajiye su kusa da cizal ɗin, ta shafa bakin tsagar da yatsa tun daga sama har ƙasa.

"Ka tambayi Fada," ta ce. "Ka tambayi mai littattafai, ka tambayi mai nono. Ni ina nan, Ishaya. Sau biyu ke nan ba ka tambaye ni ba."

Da C'lela ta faɗa. Shekara huɗu yana jiran ya ji yaren daga bakinta da sunansa a ciki, ga shi ya ji, kuma da ya san a haka zai zo da ya zaɓi Hausar. Ya ce ta yafe masa. Ta ce ta yafe tun tuni, ba don haka ba da ba ta dafa masa ganye ba, amma yafiya ba ta ɗinke dutse.

Ta ɗora ɗan dutsen a kan babban ɓarin ta tura sau ɗaya, ya zarce ya faɗa tsagar. Ta bar hannuwanta a kan ɗan dutsen, kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Sannan ta ce ya ɗauko littafinsa. Akwai kalma ɗaya da ta zo mata, sunan da mata ke kiran dutsen da ya rabe, ta taɓa jin kakarsu ta faɗa sau ɗaya. Ya rubuta, ta sa ya karanta mata, ta gyara masa. Ya jira ko wata za ta biyo baya. Ta girgiza kai, ta ce ya kama ta ta tashi.

Ya saya mata sabon dutse daga baya, har gida aka kawo a bayan mashin. Ta koɗa shi da kanta, ta yi niƙa a kansa sau biyu ko uku don kada ya ji ba daɗi, ta ce dutsen kirki ne amma ba shi da rami, kafaɗarta kuma ba za ta kai lokacin da zai yi ba. Kalma huɗu ta ƙara masa a kan sabon dutsen, sauran ba su zo ba. Littafin kwamiti ya fito da shafin niƙa mai layi shida. Mutane suka yaba, suka ce Malam ya yi ƙoƙari, shi kuwa duk yabon da aka yi sai ya ji kamar an tsikare shi. Ya daina zama gindin mangwaro da mola da mulos. An sake zuba dandamali, injin ya ci gaba da aiki, don mata ba za su koma durƙuso saboda nadamar wani tsoho ba.

Babban ɓarin Talatu ta sa aka mayar mata kan mazaunin yumɓu, ƙaramin ta ba kaji suna shan ruwa. In Alice ta kawo gari daga inji, sai Talatu ta ɗebi ɗan kaɗan da yatsu ta zuba a abin da ya saura na ramin, ta bar shi a nan. Ishaya ya gani tun ranar farko, ya kuma san na wane ne. Sunan wannan garin yana cikin kalmomin da ba su dawo ba. Kullum in ya wuce sai ya rage sauri a wurin, ya tsaya, ya duba, kuma har Talatu ta rasu a ƙarshen dubu biyu da tara bai taɓa iya sa hannu ya ɗiba ba.